Saƙon Baba Mai Agogo

"Direba, don Allah sauke gilashin nan," in ji Tela, yana haɗiyar yawu.

"Ya lalace, maigida. Yi haƙuri, mun kusa."

Ba su kusa asibiti ba. Tela na kujerar baya, kan Baba Mai Agogo a cinyarsa. Shekara goma sha ɗaya shagunansu na manne da juna, shi yana ɗinki, tsohon yana gyaran agogo. Da safen nan Baba ya yanke jiki ya faɗi a bakin shago, ga shi babu nasa a kusa. 'Yarsa ɗaya tak, tana aure a gari mai nisa, kuma sun shekara uku ba sa ga maciji.

Tun yana yaro mota ba ta yi wa Tela daɗi. Tafiyar minti goma ma hautsina masa ciki take yi. Amma wa zai tsaya faɗin haka, mutum na kwance rai a hannun Allah?

Warin fetur ya cika motar, hanya duk ramuka. Gumi mai sanyi ya keto masa. Sai Baba ya riƙo hannun rigarsa.

"Tela, in yarinyar nan ta zo, ka ce mata..."

Ya daɗe yana magana. Tela ya ji muryar, har ya gyaɗa kai ya ce, "To, Baba." Amma hankalinsa duk yana maƙogwaronsa. Motar na shan kwana abin ya ƙwace masa, ya kwara amai har ya ɓata rigar tsohon.

Da ƙyar Baba ya ɗaga hannu yana bubbuga masa baya. "Sannu. Ashe kai ne marar lafiyar."

Kafin yamma Baba ya cika a asibiti.

Bayan kwana uku 'yar ta tsaya a ƙofar shagon Tela, idanunta a kumbure.

"Kawu, direba ya ce Baba ya bar mini saƙo a wurinka."

Tela ya tsayar da keken ɗinki. Kwana ukun nan neman maganar yake yi. Duk lokacin da ya maido tunaninsa cikin motar, warin fetur ne ke zuwa, yawu ya cika masa baki, jiri ya ɗebe shi, dole ya bari. Ya tuna yagewar kujera, ya tuna ƙeyar direba. Maganar kuwa ta bi iska.

Ya so ya ce, "Ya ce ya yafe miki." Har ta zo masa baki. To in kuma tsohon ne ke neman gafararta fa?

"'Yata," ya ce, kansa a ƙasa, "ya faɗa, na kuma ce to. Amai ne ya taso mini. Wallahi ban riƙe komai ba."

"Ko kalma ɗaya?"

"Ko ɗaya."

Ta dube shi, babban mutum da furfura a gemu. Da zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi.

"Na gode da ka kai shi, Kawu," ta ce a hankali.

Ta buɗe shagon mahaifinta ta shiga. Ta bayan bango Tela ya ji ta jawo kujera ta zauna. Ya ɗora ƙafa a kan keken, bai taka ba. Allura na nan a tsakiyar yadi.