Kwancin Namijin Jimina

Tun da macen jiminar ta haɗiyi leda ta mutu, Murja ba ta ƙara zama wuri ɗaya ba. Mijinta Yisa yana Bida wajen jinyar mahaifiyarsa, jiminun nan biyu kuwa su ne ransa, don har filin bayan gidansu na Maitumbi ya kewaye saboda su. Da wane baki za ta gaya masa? In ya kira sai ta ce lafiya lau, ta yi maza ta kashe waya. Abin da ya rage mata shi ne ƙwan da marigayiyar ta bari a gurbi cikin yashi. In dai suka ƙyanƙyashe, ta sami abin tarar sa da shi.

To ga namijin, wani ƙato baƙi mai wuya kamar muciya, ya je ya baje a kan ƙwan, ko abinci ba ya tashi ya ci. Murja ta leƙa, ta koma kicin, ta sake leƙowa. Ita fa da kiwon kaji ta tashi, kuma tunda take ba ta taɓa ganin zakara ya yi kwanci ba.

"Kai, ɗan banzan rago! Ga fiffike ba tashi, sai fasa ƙwai ka iya?"

Ta yaudare shi da dusa har cikin keji, ta banko ƙofa ta danna sakata. Ta ɗora wa kazarta mai kwanci ƙwai ɗaya. Kaza ta hau ta zame, ta hau ta zame, ta yi fushi ta bar mata kayanta. Sai Murja ta naɗe ƙwan duka a bargo ta ajiye gefen murhu. Da hantsi ta kai su rana, da yamma ta mayar ɗaki, an jima kuma ta sake musu wuri. Shi kuwa namijin ya hana unguwa sakat, yana zarya cikin keji, yana dukan ƙofa da ƙafa.

Ranar da Yisa ya sauka daga keke napep, tun a tsakar gida ta faɗa masa komai tana hawaye, sannan ta jawo bargon.

"Amma na ceto ƙwan, Baban Samira. Da ƙyar na ƙwace su daga wancan."

Yisa ya ɗauki ɗaya ya kara a kunne, ya girgiza a hankali. Ruwa ya motsa a ciki. Ya gwada sauran, duk haka suke.

"Murja, ai namijin jimina yana kwanci. Tun macen tana da rai shi ke kwana a kansu. Duk sun zama baragurbi."

Wayyo, da zaginta ya yi da ya fi mata sauƙi. Ta tashi ta je ta zare sakatar. Namijin ya fito a guje, bai ko dube ta ba. Ya nufi gurbin ya durƙusa, ya buɗe fukafukansa ya lulluɓe yashin da babu komai a ciki.