Romon Yahya Sini

Cokali ɗaya Alhaji Yahya ya kai baki ya tsaya. Bai haɗiye ba, bai kuma tofar ba. Ya riƙe romon a bakinsa yana kallon fankar da ke juyi a kansa. Maƙwabcinsa Na'ibi na zaune a bakin gadon, riƙe da langa, yana jiran yabo.

"Abu Husaini," in ji tsohon bayan ya haɗiye da ƙyar, "ina ka sayo wannan?"

Saura kaɗan Na'ibi ya ce, "Ina kuwa, in ba shagonka ba?" Fuskar tsohon ce ta hana shi. Ya karɓi cokalin ya ɗanɗana da kansa, karo na farko a shekara guda da rabi, tun da likita ya raba shi da gishiri da maiƙo, matarsa Dela kuma ta kafa masa ido. Gishiri ne ya fara tarar sa, sai wani ɗanɗano na gwangwani, sai ƙarnin kaza. Taliyar kuwa ta kwali ce, irin wadda ake sayarwa a kowane kanti. Nan take ya ji kamar an watsa masa ruwan sanyi.

"Daga Ruwais," in ji shi. "Wani sabon wuri aka buɗe. Na ce bari in kawo maka ka ji."

Alhaji Yahya ya yi 'yar dariyar da ta koma tari. "Miskinai. Ruwan zafi da gishiri. Ka gaya wa ɗanka Husaini kada ya damu da su, ba za su kai baɗi ba." Ya ture langar da bayan hannunsa. "Gobe ka kawo mini namu. Na hannun Husaini. Wata biyar ina shan kunun matarka Ummu Husaini, Allah ya saka mata, amma ina so in ji namu sau ɗaya kafin in tafi."

"Ina za ka? Kana nan," in ji Na'ibi.

"Gobe," in ji tsohon, ya lumshe ido.

Na'ibi ya fito tsakar gida da langar tana ƙona masa hannu. Shekararsa sittin da bakwai, bai taɓa yi wa mutumin nan ƙarya ba sai yau, kuma ɗan cikinsa ne ya ja masa.

Duk unguwar Sa'alaba, nan Jidda, ba wanda bai san Yahya Sini ba. Musulmin ƙasar Sin ne, ya zo aikin hajji shekara ashirin da biyar da suka wuce, hanyar gida ta rufe a bayansa, ya bar mata da 'ya can, har yau ba labari. Ya kama ɗaki jikin gidan Na'ibi, ya buɗe ɗan shago a bakin titi, taga ɗaya da tukunya ɗaya. Da farko mutanenmu gudun tagar suke yi. Wai an ce mutanen can ɗanyen kifi suke naɗewa da shinkafa su ci. Na'ibi, da yake dako yake yi a tashar jiragen ruwa, ya taɓa ganin matuƙan Japan suna cin haka da idonsa, shi ya ma fi kowa yaɗa labarin. Yunwa ce ta kai shi tagar wata rana da la'asar, ya tambaya a tsorace ko ɗanyen kifi ne a tukunyar. Yahya ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce da guntun Larabcinsa, "Ya Hajji, garinmu sai ka yi wata guda a kan raƙumi kafin ka ga teku. Ƙashin sa ne. Ci."

Ya ci, kuma tun ranar bai daina ba da labarinsa ba. Ƙashin sa ne mai ɓargo, a ɗora da asuba, a yi ta kwashe kumfa har la'asar, da citta da kirfa da kanumfari, romon ya fito garai-garai har kana hango gindin kwano. Taliyar a gabanka zai ja ta da hannu, ya miƙa, ya ninka, ya buga a kan katako, kafin ka gama gaisuwa ta zama zare. Riyal ɗaya, a cika maka langa ka kai gida, mutum uku su ƙoshi. An ce araha ba ta ado, to a tagar Yahya Sini ta yi.

Da Husaini ya kai sha biyar ya ƙi makaranta, Na'ibi ne ya kamo hannunsa ya kai shi tagar. "Ga amana, Alhaji. In ya yi ba daidai ba ka buge shi." Yahya bai taɓa bugun sa ba, yaron kuma Ammi yake ce masa, wato baffa. Shekara goma sha huɗu yana koya masa, ya yi masa aure, har takardar shagon ya mayar da sunansa, da yake Husaini haifaffen Jidda ne mai takardun ƙasa. Da ciwon zuciya ya kwantar da tsohon, mukullin ma ya miƙa masa.

Abin da ya fi ci wa Na'ibi rai yanzu shi ne Rafi'u tela. Wata biyu da suka wuce, a ƙofar masallaci, Rafi'u ya ce romon Sini ya koma ruwan wanke tukunya. Na'ibi ya yi masa tas a gaban jama'a, ya kira shi mai hassada, tun ranar ko gaisuwa ba sa yi. Ashe tela ne mai gaskiya.

Bai shiga gida ba, ya miƙe bakin titi. Ya tarar da wata motar kamfani a ƙofar shagon, ana loda mata manyan tukwane. Jidda ta cika da gine-gine a shekarun nan, ko'ina ƙura da leburori, Husaini kuma ya samu kwangilar ciyar da ma'aikata ɗari biyu. Na'ibi ya kewaya ta baya ya shiga, abin da rabonsa da yi tun kwanciyar Yahya. Kwalaye ne jibge har rufi. Kajin ƙanƙara na narkewa a cikin baho, ƙudaje na bi. Katakon da ake buga taliya an jingine shi a bango, an rataya masa tawul.

"Abuya, lafiya?" in ji Husaini, yana goge hannu.

Na'ibi ya dire langar a gabansa. "Mene ne wannan?"

"Wadda ka aiko aka saya ɗazu ce ai."

"Alhaji Yahya na kai wa."

Husaini ya dubi langar. Can ya ce, "Ka gaya masa daga nan ne?"

"Na ce daga Ruwais ne. Na yi ƙarya da furfurata, don in rufa maka asiri. Kai da ka ce mini komai na nan yadda ya bari? Kai da kake zuwa kowace Juma'a ka durƙusa gabansa ka ce masa ƙashi ya yi tsada amma ba ka fasa ba?"

"Ya Abuya, zamani ne ya canza. Mutum ɗari biyu, wallahi, wa zai ja musu taliya da hannu? Kuma ba wanda ya yi ƙorafi. Sunan Ammi Yahya suke saye, su ci, shi ke nan."

"Sunansa suke saye," in ji Na'ibi a hankali. "To ka faɗa da bakinka."

Ya so ya mare shi, amma ga ma'aikata na kallo, ga shi magidanci mai 'ya'ya uku. Ya haɗiye. "Ba dogon zance na zo yi ba. Mutumin nan tafiya zai yi. Abu ɗaya ya roƙa, romon hannunka. Gobe ka ɗora ƙashi da asuba, ka ja taliya, ka kai masa da kanka. Langa ɗaya. Bayan nan ka dafa musu tsumma ma in ka so."

"A kan kaina, Abuya. Gobe in sha Allah."

Gobe ta yi, mahauci wai bai ajiye ƙashi ba. Na'ibi ya shiga ɗakin tsohon da kunun Dela, ya sake wata ƙaryar, ya ce Husaini ya ɗora amma bai gamsu da naman ba, ya ce ba zai kawo wa malaminsa abin kunya ba.

"Ka gani?" in ji Alhaji Yahya, idonsa ya yi haske. "Haka na koya masa. In ƙashi bai yi ba, a rufe taga. Yaron kirki ka haifa, Abu Husaini."

Da ma zaginsa ya yi, da ya fi masa sauƙi.

Jibi ta yi, wai ma'aikaci ɗaya bai zo ba, aiki ya yi yawa. A ranar tsohon ko kunun bai sha ba. Ƙafafunsa sun kumbura, numfashi sai ya jawo shi daga nesa. Duk wanda ya taɓa ƙofa sai ya juyo da kai, in ya ga Dela ce ko limamin unguwa, ya mayar. Dela ta ja mijinta gefe ta ce, "Malam, ka kawo ƙashin ni in dafa mana."

"Cokali ɗaya zai gane ba hannun yaron ba ne," in ji Na'ibi. "Sai kuma in ce masa me?"

Ran kwana na uku da hantsi, yana dawowa daga sayo magani, ƙamshin ya tare shi tun daga kwanar masallaci. Citta da kirfa da ɓargo, shi ne dai, ba wani ba. Tsoho da shi, sai ga shi yana sauri har takalmi na fita. Ya tarar da babbar tukunyar a kan wuta, Husaini tsaye da ludayi yana kwashe kumfa, an shimfiɗa katakon an barbaɗa masa gari. Duk fushin kwana uku ya zube masa, har idonsa ya kawo ruwa.

"Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "Yaushe zai nuna?"

"Sai la'asar, Abuya, ka san shi."

Sai ma'aikacin da ke yankan albasa ya ɗago kai, ba da wata manufa ba, ya ce, "Mudirin kamfani, babban manajan, shi ma la'asar ɗin ya ce zai zo. In ya ji wannan, wallahi kwangilar baɗi tamu ce."

Husaini ya harare shi, amma magana ta riga ta fita. Na'ibi ya dubi tukunyar, ya dubi ɗansa. Ashe ƙashi na samuwa, hannu ma na samuwa, in baƙon mai mota ne.

"Zan ɗebar wa Ammi Yahya nasa tun farko," in ji Husaini da sauri. "Wallahi da ma niyyata ke nan. Jifa ɗaya ne, Abuya, kowa ya samu."

Na'ibi ya juya ya fita.

Ya tarar da Dela a ƙofar ɗakin tsohon tana share ido da gefen mayafi. Alhaji Yahya na nan da ransa, amma ya yi nisa. Na'ibi ya zauna ya kama hannunsa, hannun da ya sha ganin yana wasa da kwaɓin fulawa, yanzu ba nauyi ko kaɗan.

"Ya ɗora?" in ji tsohon, da ƙyar ake ji.

"Ya ɗora. Tun asuba. Na gani da idona."

"Kumfa... ya kwashe kumfa."

"Yana kwashewa."

Wannan karon duk gaskiya ya faɗa, amma ta fi ƙaryar ɗaci a bakinsa. Tsohon ya gyaɗa kai, ya yi wasu kalmomi da harshen garinsu wanda ba mai ji a ɗakin. Na'ibi ya shiga maimaita kalmar shahada a kusa da kunnensa, shi kuma yana bi da leɓe. Kafin a kira azahar ya cika.

A Jidda ba a ajiye gawa. Aka yi masa wanka, aka sallace shi bayan la'asar. Husaini ya zo a guje da gari a gefen rigarsa, ya sa kafaɗa a makara, yana kuka kamar ƙaramin yaro, kuma kukan na gaske ne, Na'ibi bai yi shakka ba. A maƙabarta Rafi'u tela ya matso ya miƙa hannu. Na'ibi ya riƙe hannun ya daɗe, ya ce, "Ka yafe mini, Rafi'u." Telan ya ce, "Haba, Malam Na'ibi, ai ya wuce," bai tambayi dalili ba.

Da aka dawo aka jera kujeru a ƙofar gida don karɓar gaisuwa. Mamacin ba shi da kowa, sai Na'ibi ya zauna a mazaunin dangi. Ƙamshin romon ya cika lungun, har wani dattijo ya ce, "Allahu Akbar, kamar yana nan." Wani ya amsa, "Ai ya bar magaji."

Can Husaini ya taho da kansa, riƙe da langa da hannu biyu. Ya durƙusa ya ajiye ta kusa da ƙafar ubansa, ya buɗe murfin. Romon garai-garai, taliyar siriri kamar zare, ba inda za a ce ya rage.

"Nasa ne, Abuya. Shi na fara ɗiba, kafin kowa. Na ja taliyar yanzun nan. Ko kai ka sha."

"Mudirin ya zo?" in ji Na'ibi.

Husaini ya sunkuyar da kai. "Ya zo."

"To, madalla."

Husaini ya ɗan jima a durƙushe, da ya ga ba a ƙara ce masa komai ba, ya tashi ya koma can ƙarshen kujeru. Mutane na zuwa, Na'ibi na miƙewa yana karɓar hannu, yana komawa ya zauna. Tururin langar ya yi ta raguwa har ya ɗauke. Da aka kira magariba ya sunkuya zai ɗauki takalmansa, sai ya ga taliyar ta kumbura, ta shanye romon duka.