Hausar Masu Furfura

Ranar Lahadi da na je ɗauko Mawada daga rawda, makarantar ƙananan yara da ke bayan kasuwar hatsi, malamarsu Ustaza Salwa ta tsayar da ni a bakin ƙofa.

Ta ce da ni da Larabci, "'Yarki na da kai, amma bakinta a dame yake. Mudira ta shigo aji ta tambaye ta sunanta, sai ta durƙusa ta amsa da rutana. Mai gadi ma, Ammu Elsadig, haka take yi masa kullum."

Rutana suke kiran duk yaren da ba Larabci ba. Ta yi mini bayani a hankali cewa kowane harshe da yadda yake jera kalmominsa, kan yaro kuwa ƙarami ne, in aka zuba masa biyu sai su cakuɗe. Mudira, shugabar makarantar, ita ke sa hannu a takardar shiga aji ɗaya ranar Alhamis ta sama. In ba ta gamsu ba, Mawada za ta maimaita shekara, sa'anninta su wuce su bar ta.

Mijina Haliru yana can Fashaga wajen yankan riɗi, wayarsa ba ta shiga. Don haka ni kaɗai na yanke shawara. Ina shiga gida na sami surukata, Inna Jummare, a rumfa tana soya bunni, 'ya'yan gahawa, a kasko, na ce daga yau ba Hausa a gidan nan sai bayan Alhamis.

"To," in ji ta, ba ta ko ɗago kai ba. "Hukuma ta yi doka."

Inna a Hawata aka haife ta, nan ƙasar Sudan, tana jin Larabci sarai, da shi take ciniki har ta sa mai tumatir gumi. Amma ba ta taɓa tsokanar jikarta da shi ba. Kullum da safe sai ta ce, "Ke mai kan tulu, kin tashi?" Mawada ta ce, "Lafiya lau, mai haƙori uku." Daga ranar sai wannan ya ɗauke. Suna zaune tabarma ɗaya suna tsince riɗi a faifai, ba mai ce wa wani uffan. Na ce a raina kwana nawa ne.

Abin da ya dame ni shi ne yarinyar ta daina gaida kakarta, da take kira Haboba, gaba ɗaya. Ta zo ta durƙusa, ta buɗe baki, ta kalle ni, ta tashi. A rana ta huɗu da la'asar ina yi mata kitso na ce, "Me ya hana ki gaida Haboba? Larabcin ne ba ki iya ba?"

"Na iya."

"To?"

Ta murɗe kai har kitson ya kuɓuce mini. "Ai rashin kunya ne, Umma. Ba a yi wa mai furfura Larabci."

Na ajiye matsefi. "Wa ya gaya miki haka?"

"Ba kowa. Haboba Hausa ake yi mata. Baba Tukur na masallaci Hausa. Kaka Dije mai ƙosai Hausa." Tana lissafawa da yatsu. Gaskiyarta ne kuwa, a unguwarmu duk wani tsoho namu ne, mu matasa kuma Larabci ya fi zuwa mana baki.

"Mudira fa?"

"Na ga furfurarta ta ƙarƙashin mayafi. Ammu Elsadig kuma gemunsa fari fat."

"Ustaza Salwa?"

"Ita ba ta tsufa ba tukuna. In ta tsufa za ta iya."

Inna, da ke kishingiɗe kamar mai barci, ta fashe da dariya har da tari. "Uwarki fa, mai kan tulu?"

Mawada ta dube ni sama da ƙasa. "Ita rabi da rabi ce."

"Ja'ira!" na ce, ni ma da Hausa, doka ta karye a bakin mai ita.

Washegari ban tsaya dogon wa'azi ba. Na kama hannunta muka tsallaka titi gidan Haboba Ummusalama, tsohuwar da nake sayen kisra, wainar dawa, a wurinta, wadda ba ta san ko "sannu" ba. Na ce ta gaishe ta yadda ta saba. Mawada ta durƙusa ta ce, "Ina kwana, Kaka?" Tsohuwa ta kalle ni ta ce, "Me 'yar nan take so?" Mawada ta sake, da ƙarfi, ko kunne ne. Sai a karo na uku ta gwada Larabci, tsohuwa ta rungume ta ta cika mata hannu da dabino.

Ranar Alhamis na shiga ofishin Mudira da kaina na faɗa mata komai. Ta saurara, ta kai hannu ta gyara mayafinta ya rufe furfurar goshinta.

"Wato yarinyar nan ce kaɗai ta faɗa mini gaskiya a makarantar nan," ta ce. Ta yi wa Mawada tambayoyi, sunan babanta, launin allo, abin da kaza ke ci. Mawada ta amsa tiryan-tiryan da Larabci, a durƙushe dai. Mudira ta sa hannu ta buga hatimi.

Muna fitowa Mawada ta ja mini gefen zane. "Umma, da gaske ba ta jin Hausa? Duk tsufan nan?"

"Da gaske."

Muka wuce masu auna dawa. "Allah sarki," ta ce.