Ƙafa Ɗaya a Jikin Tamra

Karo na uku ke nan Rabe yana kai linzami bakin goɗiyar, ita kuwa tana datse haƙora tana ɗaga kai sama har sai ya yi ɗage. Ya lallashe ta, ya zage ta da Hausa, ya sake zagin ta da ɗan Larabcin da yake da shi, duk a banza. Tamra ta ja da baya har gindinta ya daki katangar gwangwani, ta tsaya tana huci.

"Malam Rabe, ajiye ƙarfen nan," in ji Hajara daga bakin murhu. "Wallahi ka ishe ta, ni ma ka ishe ni."

"Yaya, ki bar ni da sha'anin dawaki. Yau fa Juma'a."

Kowa a tsakar gidan ya san abin da Juma'ar ta ƙunsa. Su huɗu ne suka mallaki goɗiyar. Bara, bayan an sauko daga Mina, wani Balaraben ƙauye da fari ya cinye wa dabbobi ya jawo ta cikin unguwar Jarwal ta Makka, ƙashin haƙarƙarinta duk a waje. A al'adar Larabawan ƙauye ƙafa-ƙafa ake raba goɗiya, kowace ƙafa da mai ita. Rabe mai ɗiban ruwa ya ɗauki ɗaya, Idris mahauci ɗaya, Yunus tela ɗaya, Mahmudu mijin Hajara ya ɗauki ta huɗun. Mahmudu bai ga gudunta ba, ya rasu cikin Rajab, ƙafarsa ta dawo hannun matarsa. A gidan Hajara ake ɗaure ta, kuma Hajara ce ta sa mata suna Tamra, wato dabino da Larabci, saboda satar dabino.

Juma'a uku da suka wuce aka kai ta tseren farko, a filin rairayin da ke bayan Shisha. Ta fita kamar iska, Rabe ya ɗan ja linzami don ya daidaita ta, sai ta watsa kai ta yi gefe, ta dinga turjiya har kowa ya wuce. Ita ce ta ƙarshe, bayan wani tsohon ingarma mai ido ɗaya. Ranar Idris da Yunus suka yanke magana: za a ƙara gwada ta sau ɗaya. In ta sake kunyata su, za a miƙa ta ga mai amalanken da ke jan duwatsun gini, kowa ya huta da sayen sha'ir.

Rabe ya san yadda dawakin amalanke suke ƙarewa. Kullum yana wuce su a hanyar bazan, famfon unguwa inda yake cika garewaninsa, kafaɗunsu duk gyambo, ƙudaje na bi. Ko kaɗan ba ya son ya ga Tamra a tsakanin sandunan amalanke.

Hajara ta goge hannu a zani ta taso. A Makka aka haife ta, rabin maganarta Larabci ne, kuma shekara ashirin tana sayen man shanu a hannun matan ƙauye. Ta ciro dabino daga ƙullin mayafi, Tamra ta miƙo baki, sai ta kama leɓen ƙasa ta buɗe.

"Ta'al, zo ka gani da idonka."

Rabe ya leƙa. A kan dasashi, wurin da babu haƙori, akwai tsaga biyu, ɗaya ta fara warkewa, ɗaya kuma ɗanya jawur. Ɗanyar ta jiya ce, lokacin da ya yi mata dole.

"Kwana uku ta yi ba ta ci ba bayan tseren nan, ni na jiƙa mata sha'ir kamar mai jego," in ji Hajara. "Na gaya maka, ka ce sabo ne za ta yi. Mutanen da suka raine ta ba su san ƙarfe a baki ba. Ragama ce kawai, igiya ɗaya a hanci. Ka taɓa ganin Badawi da wannan abin?"

Ya taɓa ganinsu mana, sau ɗari. Ya ɗauka talauci ne ya hana su. Uban Rabe dillalin dawaki ne a ƙasar Katsina, kuma a gidansu dokin da ba a sa wa linzami ba, ba a ma fara kiransa doki ba. Wannan linzamin na ubansa ne, mai harshe da zobe, wanda in ka taɓa shi kaɗan ingarma zai zauna a kan ƙafafun baya. Shi kaɗai ya rage masa daga kayan gida. Taurin kan Rabe kuwa sananne ne a Jarwal, amma makaho ne kawai zai musa jini. Kunya ta kama shi.

"Ban taɓa hawa ba linzami," ya ce a hankali. "Da mi zan juya ta?"

"Da gwiwa. Da tafin hannu a wuya. In ka ga dama ka roƙe ta, tana jin magana fiye da kai."

Ya rataye ƙarfen a ƙusa, ya sa mata ragama. Ya shimfiɗa mata bargo a baya, ya ɗaure da majanyi, ya fita da ita bayan unguwa inda ake zubar da toka. Tun hantsi har aka fara haramar masallaci yana koyon abin da yaran ƙauye ke iyawa kafin su yi kaciya. Sau biyu ta kayar da shi. Na biyun ya faɗa kan kafaɗar da sandar garewani ta riga ta cinye, ya kwanta yana kallon sama, ita kuma ta dawo ta tsaya a kansa tana shinshina rawaninsa. Ya tashi ya sake hawa.

Bayan an sauko daga Juma'a Idris da Yunus suka iso. Idris ya dubi kan goɗiyar, ya dubi ƙusa.

"Me zan gani? Da ƙarfe ma ta fi ƙarfinka, balle da igiyar shanya?"

"Haka za ta gudu," in ji Rabe.

"Ya shekh, ka ji tsoron Allah," in ji Yunus, wanda ya zo ta Sudan, kuma ba ya iya faɗin baƙar magana ba tare da murmushi ba. "In za ka karya wuyanka, kai ka sani. Amma ƙafata ɗaya tana jikinta, ina son a kai wa mai amalanke ita lafiya."

"Na riga na gaya masa ya zo filin," in ji Idris. "Kada a yi ta kai da kawo."

Rabe ya juya wajen goɗiyar. Ya kwance ragama ya yi gaba, su uku suka biyo shi, Hajara a baya da lulluɓinta da butar ruwa.

Da la'asar filin ya cika. Akwai 'ya'yan attajiran gari da motocinsu biyu a gefe, akwai mutanen ƙauye tsugune a inuwar raƙuma, akwai Hausawa 'yan kaɗan da suka zo don su ga ko za a sake dariya. Mai amalanken yana can, gajere, da bulala a hammata, yana auna ƙirjin Tamra da ido. Dawaki tara ne. Za a tafi har wani dutse da aka kafa wa jan ƙyalle, a kewaye shi a dawo.

"Takaruni ya dawo!" wani ya yi ihu da sunan da Larabawa ke kiran baƙar fata, aka fashe da dariya.

Wani dattijo ya saki mayafinsa ƙasa, dawaki suka zabura. Rabe ya kwanta a wuyanta, igiya a hannun hagu, gezarta a na dama. Bai san tana da irin wannan gudun ba. Shekara guda yana ciyar da ita, ashe bai taɓa barin ta ta nuna masa ba. Rairayi na dukan fuskarsa, ya wuce biyu, ya wuce uku, ya hango tsohon mai ido ɗaya a can baya. Kafin dutsen, wani baƙin ingarma ne kawai a gabansa.

Sai dutsen ya taso masa da sauri, kuma hannu ya yi abin da ya saba tun yana yaro. Ya fizgi igiyar da ƙarfi. Tamra ta watsa kai, ta karkace, ƙafarta ta zame, dawaki biyu suka wuce su ta ciki. Ya saki igiyar gaba ɗaya ta faɗi a wuyanta, ya matse gwiwar hagu, ya mari wuyanta ta dama da tafin hannu.

"Yi haƙuri, 'yar nan. Tafi!"

Ta kewaye dutsen da kanta, dab da shi har ƙyallen ya shafi ƙafar Rabe. Daga nan bai ƙara yi mata komai ba sai riƙe geza da salati. Ta cim ma na farko, ta cim ma na biyu. Baƙin ingarman ya tsere mata da tsawon wuya kawai.

Da ya sauka ya rungume wuyanta yana haki. Hajara ta zuba ruwa a tafi tana shafa mata a fuska, tana kuka ba ta ɓoye ba, tana kiran sunan Mahmudu. Idris kuwa, wanda da azahar yake neman rabuwa da ita, shi ne ke gaya wa kowa cewa tun ranar farko ya ga alama a goshinta. Mai amalanke ya tofar da yawu ya kama hanya.

Rabe yana cikin murnarsa wani mutum ya ratso taron, dogo, da farar riga mai tsabta da ɗan gemu. Ya ce shi mutumin Ɗa'if ne, yana da garken dawaki a can kan dutse. Ya duba haƙoranta, ya shafa ƙafafunta ɗaya bayan ɗaya, sannan ya tambayi ta wace ce. Aka nuna masa mutum huɗu. Ya ja Idris da Yunus gefe. Ba su daɗe ba, Rabe ya ga sun tafa.

"Halas, shi ke nan, mun sallama namu," in ji Yunus da ya dawo, yana kauce wa idon Rabe. "Mu ba masu dawaki ba ne, ɗan'uwa. Allah ya kawo mai iyawa."

Rabe ya juya wajen Hajara. Ya tabbata ita ba za ta yarda ba. Sai ya ga ta sunkuyar da kai.

"Yaya?"

"Malam Rabe, tsakar gidana taku goma ne. Da rani tana tsaye a rana tana jiƙewa da gumi, ni ina yi mata fifita da faifai. Can akwai ciyawa ɗanya, akwai sanyi, akwai inda za ta gudu kullum." Ta share ido da gefen mayafi. "Ina son ta fiye da yadda kake zato. Shi ya sa."

Rabe ya ceci Tamra daga amalanke da kafaɗarsa, ga shi gudun nata ne zai raba su. Kuma abin da ya fi ƙona masa rai, gaskiya Hajara ta faɗa.

Mutumin Ɗa'if ya miƙo masa hannu. Rabe bai karɓa ba. Ya tattaro Larabcinsa na bakin bazan, ya ce tasa ƙafar ba ta sayarwa ba ce. Mutumin ya ƙara, Rabe ya girgiza kai. Ya sake ƙarawa, har Idris ya dafe kai yana cewa wannan wane irin mutum ne.

"To me kake so?" in ji mutumin.

"Ka riƙe uku, in riƙe ɗaya. Inda ta kwana nan zan kwana. Ni zan ba ta ruwa, ni zan hau ta."

"Kai ka jawo mata na biyu yau. Na gan ka a wajen dutse."

"Na sani. Ba zan ƙara ba."

Mutumin ya dube shi tun daga faso har rawani, ya yi dariya, ya ce bai taɓa tarayya da mai ɗiban ruwa ba, amma al'ada ba ta hana ba. Gobe da asuba ayarinsa zai tashi, ta hanyar dutse, kwana biyu a ƙafa. Suka tafa.

Rana ta yi ja suka kamo hanyar Jarwal. Idris da Yunus sun yi gaba. Rabe yana jan Tamra, Hajara tana gefensa.

"Shekara bakwai ka yi a hanya don ka zo garin nan," ta ce daga baya. "Ka sha gaya mini ba abin da zai fitar da kai daga Makka sai makara."

"Na faɗa."

"To gidajen da kake kai wa ruwa fa?"

Rabe ya gyara igiyar a hannunsa, ya shafa wuyan goɗiyar inda gumi ya bushe ya yi fari.

"Sandata da garewanina suna bayan ƙofarki," ya ce. "Ki ba wanda kika ga yana da kafaɗa."