Buhun Ƙarƙashin Tebur

Tela yana da hannu, wannan ko maƙiyinsa ba ya musu. In ya ɗinka maka riga, sai ka rantse da ita aka haife ka. Matsalar ɗaya ce, almakashinsa akwai kwaɗayi. Ka kawo yadi biyar, riga ta ci huɗu, na biyar ɗin ya sulale cikin wani buhu da ke ƙarƙashin tebur, bayan keken ɗinki. In ka tambayi ragowa, sai ya zare ido ya ce, "Ragowa? Ai da ƙyar ma ya isa, sai da na yi dabara a wajen hannu." Kai kuma ka tafi kana ta zuba masa godiya.

Shi dai bai taɓa kiran abin sata ba, a ransa haƙƙin almakashi ne. Tsoronsa ɗaya a duniya, kada Inna ta sani. Ita ta haife shi, ita ta sayar da 'yan kunnenta ta saya masa keken, kuma duk inda ta zauna ba ta da hira sai ta Autanta mai amana.

Wata Talata zare ya ƙare masa, ya bar Inna ta tsare shago ya tafi kasuwa. Ya manta cewa Inna ba ta iya zama hannu sake ba, in ta ga tsintsiya sai ta ɗauka. Da ya dawo ya tarar da shago fes, an share har lungun da bai taɓa ganin tsintsiya ba. Babu Inna, babu buhu.

"Ta fita da shi a ka," in ji mai kantin da ke kusa. "Ta bi layin nan."

Inna ta shekara goma tana zama a ƙofar shagon tana kallon masu wucewa, babu zanen da ba ta san mai shi ba a unguwar. Tela ya yar da ledar zare ya bi layi da sassarfa.

Bai yi nisa ba matar mai kemis ta leƙo daga ƙofar gidanta, tana ɗaga wani yadi mai furanni.

"Tela! Allah ya yi maka albarka! Inna ta ce na manta ragowar kayana a wurinka. Shekara biyu kana ajiye min?"

"Ai... amana ce," ya ce, yana murmushi irin na mai ciwon haƙori.

"To amma ba kai ka ce da ƙyar ya isa ba?"

"Yadin ne. Da ya sha guga sai ya miƙe."

Ta gyaɗa kai tana mamakin ikon Allah, shi kuma ya ƙara sauri. A kwana ya ci karo da direban bas, wani ƙato da kujerar gaba ke yi wa kaɗan, rungume da farin yadi kamar jariri.

"Mutumina!" direba ya daka masa duka a kafaɗa. "Ka ce tumbina ya cinye yadi shida, har matata ta rage min abinci wata guda. Ashe tumbin bai da laifi!"

Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce gobe zai turo masa duk direbobin tasha, don tela mai mayar da ragowa ba a samunsa ko'ina. Malamar makaranta ta sa albarka, mai wanki ya sa albarka, har mahauci ya ɗaga masa wuƙa don gaisuwa. Tela bai taɓa shan addu'a haka ba, bai kuma taɓa jin addu'a tana ƙona shi ba sai ranar.

A ƙarshen layi ya sami Inna, zaune kan benci kusa da famfo, ta ninke buhun ta ɗora a cinya tana mayar da numfashi.

"Inna, wa ya aike ki wannan aiki?"

"Na ga mutane sun manta kayansu ne, kai kuma aiki ya yi maka yawa. Na ce bari in rage maka."

Wani sanyi ya ratsa shi. Ashe ba ta gane ba! Ya zauna kusa da ita har da yi mata sannu, yana cewa ai dama yana da niyyar rabawa, lokaci ne bai samu ba.

"Saura guda ɗaya," ta ce. Ta zaro wani koren yadi daga ƙarƙashin mayafinta.

"Na wane ne? Kawo in kai da kaina."

"Nawa ne, Auta. Wanda yayarka ta aiko min bara. Na ce ka fitar min da ɗankwali, ka ce da ƙyar ya isa."

Tela ya ji kunyar da bai taɓa ji ba tun yana yaro, ya rasa inda zai ajiye idonsa sai kan takalminsa.

"Gida goma sha ɗaya na shiga yau," ta ce a hankali. "Kowane gida sai da na yi ƙarya, da furfurata, don a ci gaba da gaishe ka a layin nan. Ba zan ƙara ba."

Ta dafa kafaɗarsa ta miƙe, ta ɗora masa koren yadin a cinya.

"Ka ɗinka min ɗankwalina. In ya yi ragowa, ka kawo min."