Faifan Iya Sesan

Folarin ba ya sa wa kowa sabon faifan ajiya a kwamfuta sai ya gwada shi. Yakan sa na'ura ta bi faifan lungu-lungu tana rubutu tana karantawa, ya yi zafi ya huce, in akwai lahani ya fito tun ba a ɗora masa kayan mutane ba. Duk abin da ke cikin faifai, gwajin shafe shi yake yi. Obiora, maƙwabcin shagonsa a layin masu gyara na Ikeja, yakan ce sai ka ce amarya ake wa gwajin jini.

Ranar Talata Iya Sesan, mai sayar da tuwon amala a bakin layi, ta shigo da kwamfutar ɗanta Sesan a naɗe cikin zane.

"Ɗana, ƙara take yi kamar ƙwaro ya shiga. Sesan yana bautar ƙasa, ya ce in kawo maka. Muryar mahaifiyata na ciki."

Kafin tsohuwar ta rasu, Sesan ya zaunar da ita ta yi kirarin gidansu tun daga kakannin kakanni, ya ɗauka.

Folarin ya saurari ƙarar ya ce faifan ya kusa mutuwa, amma za a iya kwashe kayan. Ya sayo sabo iri ɗaya, ya jona su biyun a kwamfutarsa. Yana cikin haka Obiora ya leƙo da gardamar ƙwallo. Folarin na mayar masa da magana ta kan kafaɗa, ya zaɓi faifan da zai gwada, ya danna.

Sai da rana ta yi tsaka ya taɓa sabon ya ji shi sanyi ƙalau. Tsohon ne ya ɗauki zafi. Ya finciko wayar faifan, amma gwajin ya riga ya wuce inda muryar take. Ya gwada duk dabarar da ya sani, bai samo ko tari ba.

"Injiniya, wa ya gani?" in ji Obiora da ya ji labari. "Da ciwonsa ta kawo shi. Ka ce ya cika a hannunka."

Haka ya je ya gaya wa Iya Sesan. Ta tsaya da ludayi a hannu.

"Ka yi iyakar ƙoƙarinka, ɗana. Ni ce na yi ta jinkiri. Tun watan jiya Sesan ke cewa in kawo."

Ta zuba masa amala da miyar ewedu, wato ayoyo, ta ƙara masa nama, ta ƙi karɓar komai. Ya ci don ba yadda zai yi.

Daga ranar ya daina bin bakin layi, sai ya zagaya ta bayan masu sayar da waya. Ita kuma da ta ga shiru ta ɗauka jin nauyi ne, ta riƙa kawo masa abinci har shago. Rannan ya ji tana gaya wa wata mata cewa duk layin nan ba mai amanar Folarin.

Da yamma ya same ta tana wanke tukwane.

"Iya, faifan bai mutu da kansa ba. Ni na shafe shi. Na yi kuskure, na kuma yi miki ƙarya."

Ta ci gaba da cuɗa tukunya.

"Ka bar ni ina kwana ina zagin kaina."

"Na bar ki, Iya."

Ba ta sake kawo abinci ba. Bayan wani lokaci ta tsaya a ƙofar shagon, ba ta shiga ba, ta ce yayar mahaifiyarta na Ogbomoso da rai, ya shirya kayan ɗaukar murya ranar Asabar.

A mota ta juya fuska wajen taga har suka isa Ogbomoso. Tsohuwar, yayar mahaifiyarta, ta fara kirarin da ƙarfi, ta kawo sunaye, sannan ta tsaya a tsakiya tana lalube. Iya Sesan ta tuna mata baiti ɗaya, suka ɗan ci gaba, suka sake tsayawa.

"Ƙanwata ce ta san sauran," in ji tsohuwar. "Ai an ce jikanta ya ɗauka a na'ura."

Folarin na durƙushe riƙe da makirufo. Iya Sesan ta ce a kawo wa Mama ruwa, a sake ɗaukowa daga farko.