Murhuna Ba Kayan Jirgi Ba Ne

Sufyanu, ɗan ƙanena, kai ka kore ni daga bakin ruwan Wara!

Ka dawo daga jami'a ka zauna inda nake bandar kifi, wai kana koyon rarraba abubuwa gida-gida don kwamfuta ta gane su. Na ba ka kifi, na bayyana maka sana'armu. A takarda ka zana akwatin masunci, ka zana na jirgi, murhuna kuwa ka cusa shi cikin kayan jirgi.

Ƙungiyar masunta ta bi zanenka wajen rubuta kayan kowa. Da aka sayar da jirgin marigayi mijina, sai murhuna ya bi shi. Jiya wanda ya sayi jirgin ya watsar mini da itace.

Tun ba a sassaƙa jirgin nan ba nake banda a wurin. Fito gaban Sarkin Ruwa ka amsa!